KOWACE DABBA DA HARSASHINTA

Ni mutumin Darna Sabon Gari ne, a ƙasar Illela, dab da iyakarmu da Birnin Ƙonni. A bana na zaɓi in yi bayani a kan wani fanni na sana'ar harbi wanda ba a cika kula da shi ba, watau yadda maharbi ke zaɓen abin da zai ɗura wa makaminsa in zai tunkari babbar dabba mai haɗari. Yawancinmu in aka ambaci maharbi, abin da ke faɗo mana a rai shi ne layu da kirari da rashin tsoro. Amma ni a ganina, abin da ke mayar da maharbi gida da ransa shi ne sanin dabbar da zai fuskanta, da auna makaminsa daidai da ita tun bai bar gida ba. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko ya kamata mu bambanta farauta da harbi. Farauta ita ce wadda samari kan fita da rani bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da gora da kiɗa, su auka wa daji gaba ɗaya. Abin da sukan samo bai cika wuce zomo da gada da zabi da fakara ba. Harbi kuwa sana'a ce ta gado, tana da shugabanninta irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa, kuma mai yin ta yakan shiga daji shi kaɗai ko shi da ɗansa. Maharbi shi ne wanda a da akan aika a kira in zaki ya dami garke, ko giwa ta shiga gona, ko dorina ta hana masunta sakat.

To, waɗannan manyan dabbobi ba a yi musu shirin zomo. Namijin zaki yakan kai kilo 180. Ɓaunar ƙasashenmu takan kai kilo 500 ko fiye, ta kudancin Afirka kuwa har 800. Namijin dorina yakan haura kilo 1,500, kuma kaurin fatarsa a wasu wurare ya kusa santimita 5. Toron giwa yakan kai kilo 6,000. Kowace daga cikinsu tana da sulken da Allah ya ba ta, wata fata, wata ƙashi, wata tsoka, kuma sai an ratsa sulken nan kafin a kai ga zuciya ko huhu ko ƙwaƙwalwa.

DABBAR DA AKA HARBA BA TA MUTU BA

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne na damuwa? In harbin bai kashe ta ba, ai sai ta gudu. Nan ne kuwa babban haɗarin yake. Lafiyayyar ɓauna in ta shaƙi warin mutum, sau da yawa kauce masa take yi. Amma wadda aka ji wa rauni takan shiga cikin duhuwar ciyawa ta laɓe, in mai bin sawunta ya matso sai ta taso masa. Tana iya gudun kilomita 50 a awa, watau takan cinye mita 50 cikin daƙiƙa 4. Wannan lokaci ko kabbara uku bai isa mutum ya yi cikin natsuwa ba, balle ya sāke ɗura bindiga.

Har ila yau, ba maharbi kaɗai ke biyan bashin mugun harbi ba. Zakin da aka karya wa ƙafa ko haƙori ba ya iya kama gwanki, sai ya koma wa abin da ba ya gudu, watau shanu da makiyayi da mai itace. An ga misalin haka a ƙasar Indiya. Akwai wata damisa irin mai ratsi-ratsin nan, wadda ta addabi mutanen Nepal da na yankin Champawat, har aka ƙiyasta ta kashe mutum 436. Da maharbin nan Jim Corbett ya kashe ta a 1907, sai ya tarar fiƙoƙinta biyu na ɓangaren dama a karye, kuma ya danganta karayar da wani tsohon harbin bindiga. Wani ne can ya ɗana kunama da abin da bai isa ba, ya tafi abinsa, ya bar wa ƙauyuka masifa ta shekaru.

YADDA KAKANNINMU SUKA YI

Kakanninmu ba su san lissafin boko ba, amma sun san wannan ƙa'ida sarai. Kibiya ba ta da nauyi, ba za ta iya fasa ƙashin kafaɗar ɓauna ba. Saboda haka sai suka ɗora aikin a kan dafi, wanda akasari daga 'ya'yan kwankwani ake samo shi. Aikin kibiya kawai ta huda fata ta kai ga jini, shi kuwa dafin ya bi jini ya tsayar da zuciya. Likitocin Turai ma a ƙarni na 19 sun gane ƙarfin wannan tsiro, har suka fitar da maganin ciwon zuciya daga jikinsa. Aibin dafi ɗaya ne, yana ɗaukar lokaci. Don haka maharbi kan nemi bishiya ko maɓoya tun bai saki kibiya ba. Dabarar sa burtu a ka da yin rarrafe kamar tsuntsu kuwa, don a matsa kusa ne ƙwarai yadda kibiya ba za ta kuskure ba.

Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki irin wannan aiki a fim, wanda ya fito a 1965. Ya bi maharban Gaw na ƙabilar Songai a yankin da Nijar da Mali da Burkina Faso suka haɗu, inda Fulani makiyaya kan kira su in zaki ya shiga yi wa shanu ɓarna. Da tarko suke fara riƙe zakin, sa'an nan su harbe shi da kibiya mai dafi. Watau sun san iyakar makaminsu, sai suka cike giɓin da tarko.

Dorina kuma nata makamin daban ne. Sarkawa da zago suke farautarta, wani irin mashi ne mai ƙugiya wanda akan ɗaura wa igiya, domin in ta nutse a san inda take. Har yanzu ana amfani da shi, gama a watan Oktoba na 2024 da zago ne masunta da manoman Yawuri suka kashe wata dorina da ta yi kisan kai a kogin Kwara. Giwa kuwa, bayan zuwan bindiga sai aka ƙago mata sango. Gajeren mashi ne mai dafi, wanda akan zura a bakin bindiga a harba daga kusa. Albarushi ya ba shi ƙarfi, nauyinsa ya ratsa fata, dafi ya ƙarasa. Kun ga ke nan tun tuni kowace dabba da abin da aka tanada mata.

BINDIGAR TOKA

Bindigar da muka saba gani a hannun maharbanmu ita ce ta toka, wadda wasu ke kira adaka, wasu baushe, 'yan barkwanci kuma su ce harba-ka-ruga. Asalinta daga fataken Turai ne da suka yi ciniki a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, daga baya maƙeranmu suka koyi ƙera ta. Akwai dalilin da ya sa ta daɗe a hannunmu. A 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai.

Ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a danna, a sa dalma, a sāke dannawa. Cikin bututunta sumul yake, saboda haka dalmar takan fita tana tangaɗi, in an wuce mita 50 sai dai a yi sa'a. Kuma harbi ɗaya ne da ita. Mun riga mun ga ɓauna daƙiƙa 4 take bukata, ɗurin bindigar toka kuwa a daji yana iya cin minti guda. Sunan nan na harba-ka-ruga ba banza aka sa mata ba.

Wani abin da ke ƙara lalata al'amari shi ne abin da wasu ke ɗura mata in babu dalma, kamar ƙusa da guntayen ƙarfe da tsakuwa. Irin waɗannan watsuwa suke yi, su yayyage fata su tsaya a tsoka. Suna iya kayar da gada, amma ga babbar dabba tsokana ce kawai.

LISSAFIN HARSASHIN ZAMANI

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, da albarushi a cikinsa, da ɗan abin tayar da wuta a gindi, da ƙwayar da ke fita. Albarushinsa ba irin namu baƙi ba ne, mara hayaƙi ne, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙago a 1884, kuma ya fi baƙin ƙarfi nesa ba kusa ba. Cikin bututun bindigar kuma an yi wasu layuka a murɗe, masu sa ƙwayar ta fita tana juyawa kamar katantanwa, shi ya sa take tafiya sak.

Lambar da ake kiran harsashi da ita, akasari fāɗin ƙwayarsa take nunawa. Alal misali, in an ce .375 ana nufin kashi 375 cikin 1,000 na inci, watau milimita 9.5. Amma fāɗi kaɗai ba ya nuna ƙarfi. A darasin kimiyya an koya mana cewa ƙarfin abu mai tafiya shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. In aka ninka nauyi, ƙarfi ya ninka sau 2. In aka ninka gudu, ƙarfi ya ninka sau 4. Ma'aunin wannan ƙarfi shi ake kira jul.

Bari mu gwada. Ƙaramin harsashin nan .22 da ake harbin zomo da shi, ƙwayarsa giram 2.6 ce, tana gudun kimanin mita 330 a daƙiƙa, ƙarfinta wajen jul 140. Shi kuwa .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na London ya fito da shi a 1912, ƙwayarsa giram 19.4 ce, tana gudun kimanin mita 770 a daƙiƙa, ƙarfinta wajen jul 5,750. Ya ninka na farko sau 40 ke nan. Harsashin AK-47 da ake ta jin tsoro, ƙwayarsa giram 8 ce, ƙarfinta wajen jul 2,000, kusan sulusin na .375. Ba don giwa aka yi shi ba, shi ya sa ɓarayin hauren giwa masu amfani da shi kan yi ta ɓarin wuta, su bar wasu giwayen da raunuka suna yawo cikin fushi.

Saboda irin wannan lissafi ne wasu ƙasashen da ke ba da lasisin harbin manyan dabbobi suka kafa iyaka. A Tanzaniya ba a yarda a harbi ɓauna ko giwa da abin da ya gaza .375 ba. A Zimbabuwe iyakar fāɗin ita ce milimita 9.2, abin da ya ba da dama ga harsashin 9.3x62 wanda wani Bajamushe mai suna Otto Bock ya ƙago a 1905.

Bayan nauyi da gudu, sai ƙirar ƙwayar. Iri biyu ce. Akwai mai taushin baki, wadda in ta shiga jiki sai bakinta ya buɗe kamar laima, ta yi babban rauni a huhu da zuciya. Ita ce ta dace da dabba mai siririyar fata irin zaki da damisa. Akwai kuma dunƙulalliya mai tauri wadda ba ta buɗewa, tafiya take yi sak ta ratsa ƙashi. Ita ake wa giwa da dorina, domin mai taushi tana iya tarwatsewa a kan ƙashin goshi ba ta kai ko'ina ba. Ɓauna tana tsakani, masu harbinta da yawa sukan fara da mai taushi, su biyo da mai tauri. Amma harsashin bindiga mai baki biyu wanda ke cike da ƙananan ƙwayoyi kamar na dawa, wannan na zabi ne da fakara. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

BEYAR TA ƘASASHEN SANYI

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A ƙasashen sanyi akwai wata dabba da ake kira beyar, babu irinta a dazuzzukan Afirka. Gashi ne da ita buzu-buzu, da manyan farata, kuma tana iya miƙewa tsaye a kan ƙafa biyu. Ta tsibirin Kodiak a jihar Alaska ta Amurka, babban namijinta yakan kai kilo 600, ya ninka zaki sau 3. Gashinta da kitsenta sukan shanye jini su toshe rauni, saboda haka bin sawun wadda aka ji wa ciwo cikin sarƙaƙiya aiki ne mai wuya da haɗari. Maharban can suna ɗaukar harsashin .30-06, wanda ya fito a 1906, a matsayin mafi ƙanƙantar abin da ya kamata, da yawansu kuma sun fi son .338 ko .375 ɗin nan dai na ɓauna, da ƙwaya mai taushin baki amma mai ƙwari wadda ba ta tarwatsewa a kafaɗa.

A tsibiran Svalbard na ƙasar Norway kuma akwai farar beyar mai zama a kan ƙanƙara. Tun 1973 aka hana farautarta, amma duk mai fita bayan gari dole ya riƙe abin korarta, kuma hukuma ta ce mai ɗaukar bindiga kada harsashinsa ya gaza .308 ko .30-06. Ba a harbi sai rai ya zo ga halaka, in an yi kuma sai hukuma ta bincika. Abin lura a nan shi ne, mutanen da ba su taɓa jin sunan sango ba sun iso ga ƙa'idar da kakanninmu suka iso.

ƘARFI BA YA MAYE GURBIN SAITI

Kada wani ya ɗauka cewa mafi girman harsashi shi ne mafi kyau. Duk yadda ƙwaya ta fita da ƙarfi, haka bindiga ke naushin kafaɗar mai ita. Wanda ke tsoron naushin nan yakan runtse ido ya fizgi kunama, harbi ya tafi ciki ko cinya. Babban harsashi a tumbi bai kai matsakaici a zuciya ba.

Wani maharbi ɗan ƙasar Scotland, W.D.M. Bell, ya kashe giwaye fiye da 1,000 a farkon ƙarni na 20, yawancinsu da ɗan harsashi mai fāɗin milimita 7 kawai. Sirrinsa shi ne ya tsaga kawunan giwayen da ya kashe da zarto, ya koyi ainihin inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, kuma ƙwaya mai tauri yake amfani da ita. Ban kawo shi don a yaba masa ba, gama irin ɓarnarsu ce ta rage giwayen Afirka. Na kawo shi ne don a ga cewa sanin jikin dabba shi ne rabin aikin. Tsofaffin maharbanmu ma haka suke, wajen fiɗa suke koya wa 'ya'yansu inda zuciya take a bayan kafaɗa, kuma ba sa harbi sai dabba ta juya yadda suke so. In ba ta juya ba, su haƙura su dawo gida hannu wofi, ba su ɗauki wannan abin kunya ba.

INA MUKE A YAU?

Yau a ƙasar Illela, daga tafkin Kalmalo har bakin iyaka, babu zaki babu ɓauna. Gonaki sun cinye daji, fari ya taimaka, bindiga ta ƙarasa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka kimanin 400 ne, na Nijeriya ba su kai 50 ba, a gandun Kainji da na Yankari, wanda aka keɓe tun 1956. Raƙuman dawa na yankin Kure kusa da Yamai sun ragu har zuwa 49 a 1996, amma da aka tsare su sai suka haura 600. Dokar Nijeriya ta 1985 ta hana harbin zaki da damisa da raƙumin dawa, Nijar ma tana da tata dokar farauta ta 1998. Bugu da ƙari, dokar makamai ta 1959 ta ba 'yan sanda ikon hana riƙe ko bindigar toka in babu lasisi.

To, mene ne amfanin wannan bayani gare mu? Ga iyayenmu masu bindiga a gida, ina roƙo da girmamawa. Kada a kwance harsashin zamani a juye albarushinsa cikin bindigar toka don neman ƙarin ƙarfi, bututun maƙera ba ya iya ɗaukarsa, fashewa yake yi ya tafi da yatsu ko ido. Kada a rataye ta a ɗure inda yara ke shiga. In kuma wata babbar dabba ta ɓato ta shigo gona, ko kuna fatauci ko cin rani a inda ake da su, a sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji. Taron samari da bindigogin toka ba abin da zai haifar sai dabba mai rauni a tsakiyar jama'a.

Mu kuma ɗalibai, akwai tsofaffin maharba a unguwanninmu waɗanda suka san sawu da iska da halin kowace dabba, kuma ba a rubuta abin da suka sani ba. In an yi hutu mu je mu gaishe su, mu ɗauki littafi da biro mu tambaye su. Gandayen daji suna bukatar masu irin wannan sani don tsaron 'yan dabbobin da suka rage, kuma ɗan maharbin da ya haɗa gadon gidansu da lissafin makaranta ya fi kowa dacewa da wannan aiki.

Allah ya kiyaye mu daga sharrin daji da na gida, ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.